Abokiyar Gasar Malam Onodera

Tomie Kumagai na cikin jawo ƙofar rumfarta ƙasa, jaka rataye a kafaɗa, sai ta ji an ce daga bayanta, "Gwaggo Tomie, ɗan tsaya mana."

Ko ba ta waiwaya ba ta san muryar. Nanae ce, 'yar Malam Onodera, wadda ke aikin ofis a Sendai. Tana tsaye tsakanin rumfar mai kifi da ta mai tofu, wato awara, fuskarta irin ta wanda bai yi barcin kirki ba.

"A'a, Nanae, yaushe a gari?"

"Da safe. Gwaggo, Baba ba zai je gasar nan ba."

Tomie ta ƙarasa rufe ƙofar, ta datse kwaɗo, ta ja shi ta tabbatar ya kama. "Shi ya ce miki haka?"

"Shi tun da gari ya waye ya sa kwat ɗinsa yana zaune a bakin ƙofa. Ni ce na ce."

Ranar Asabar ce, ranar da kasuwa ta fi ci. A cikin rumfar akwai ganguna cike da kokwamba da kabeji da gauta da Tomie ta tsuma a gishiri, kuma ta san za a yi ta zuwa nema har yamma. Amma sau ɗaya a shekara takan rufe da rana tsaka, saboda gasar kacici-kacici ta masu son tsohon kiɗan Turai a Morioka, wadda ake yi a saman shagon shayin Tamayama. Bibbiyu ake shiga. Tun shekarar da mijinta ya rasu ita ce abokiyar gasar Malam Onodera, tsohon malamin lissafi, wanda ya kwashe rabin rayuwarsa yana kaɗa biyola, yayar goge mai kaurin murya, a ƙungiyar makaɗan gari. Sandan da ake ba wa waɗanda suka ci, irin wanda jagoran makaɗa ke kaɗawa, yana cikin jakarta naɗe a ƙyalle. Su suka ɗauke shi bara.

"Makon jiya ya fita sayen tofu," in ji Nanae, ta rage murya. "'Yan sanda ne suka dawo da shi daga bakin kogi. Jiya a waya da sunan Mama ya kira ni. Likita ya ce ciwon mantuwar gaba zai yi ta yi. Ƙarshen wata zan tafi da shi Sendai. Mutanen nan sun san shi da sanin komai, Gwaggo. Ba na so abin da za su riƙa tunawa da shi ya zama tsoho yana laluben suna a gabansu."

"Kin taɓa zuwa gasar?"

"A'a."

"To mutanen da kike jin kunyarsu, ƙaramin cikinsu ya yi jika. Rabi ba sa ji, sauran rabin ba sa saurare." Tomie ta gyara rataya jakarta. "Sunaye ne suka gudu masa. Sunaye kuwa dama wajena suke. Ni ban taɓa iya bambance sauti ɗaya da ɗan'uwansa ba, shi kuma in cokali ya faɗi sai ya gaya miki sautin da ya bayar. Kunne nasa, baki nawa. Haka muke cin su."

"In ya rikice fa?"

"Sai in kamo hannunsa mu fito, kamar yadda nake yi duk shekarar da giyar shinkafa ta yi masa yawa."

Dariya ta kufce wa Nanae ba ta shirya ba, ta sa hannu ta rufe baki. Ta jima tana kallon kwaɗon rumfar.

"Kafin rana ta faɗi," ta ce.

"Kafin rana ta faɗi zan miƙa miki shi hannu da hannu."

Sun same shi kuwa a bakin ƙofa, takalmi a goge, hula a kan gwiwa. Da ya ga Tomie ya miƙe tsaye, ya dubi agogon hannunsa, wanda ya tsaya tun bazara.

"Kumagai-san, kin makara."

"Na tsaya neman izini ne wajen maigidanka," ta ce, ta nuna Nanae da haɓa.

A cikin bas bai yi magana sosai ba. Da ƙofa ta yi ƙarar rufewa ya ɗaga yatsa ya ce, "Mi, do," sunayen sautukan da ta bayar, sannan ya koma kallon ganyayen da suka yi ja a gefen titi. Tomie ta ji hankalinta ya kwanta. Wannan kunnen dai yana nan.

Ɗakin saman shagon Tamayama ya cika da tsofaffi da warin kofi. An jera ƙananan tebura, kowanne da ƙararrawa a tsakiya. A gaba akwai fiyano, da na'urar faifai tsakanin manyan lasifika biyu da suka girmi wasu daga cikin 'ya'yan mutanen ɗakin. Suna shiga Likita Sugawara ya ɗaga hannu daga teburin kusa da taga. Tsohon likitan haƙori ne, kansa babu gashi ko ɗaya, kuma shi ke zama a sahun masu goge na gaba a ƙungiyar da Malam ya yi wa biyola. Shi da matarsa ne suka zo na biyu bara, da bara waccan ma.

"Ga mai biyola nan!" ya ɗaga murya. "Mutanen da suka makara ranar rabon goge, aka ce su ɗauki abin da ya rage."

A da kafin ya rufe baki Malam ya mayar masa da wadda ta fi ta. Yau murmushi kawai ya yi, ya ɗan rusuna, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Tomie ta ga dariyar ta tsaya a fuskar Likita.

"Ka adana bakinka, Likita," ta ce tana ja wa Malam kujera. "Za ka buƙace shi wajen ba matarka haƙuri a hanyar gida."

Aka kwashe da dariya, ɗakin ya koma daidai.

Tamayama, mai shagon, ya sa tabarau ya fara zagayen farko, na tambayoyi. Nan fagen Tomie ne. Ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba, amma rediyon rumfarta ba ya mutuwa, kuma duk abin da mai gabatarwa ya faɗa tsakanin kiɗa da kiɗa yana zauna mata a kai. Wane kayan busa ne ke ba sauran makaɗa sautin da za su daidaita kayansu? Ta buga ƙararrawa: obo. Wanne ne sunansa da Italiyanci ke nufin damin itace? Ta buga: fagoto. Ta fara jin daɗin kanta.

"Wane kayan busa ne aka ƙera da ƙarfe..."

Ta buga. "Ƙaho!"

Tamayama ya dube ta ta saman tabarau. "...amma ake lissafa shi cikin dangin itace?"

"Sarewa," in ji matar Likita a hankali, ba ta ma ɗago daga kofinta ba.

"Kumagai-san, a kasuwa ma haka kike yi?" in ji Likita. "Mutum ya ce yana son ko, sai ki ɗaure masa kokwamba, alhali kofi yake nema?"

Tomie ta karɓi dariyar da ɗaga hannu biyu. Ta cancanta.

Can wajen ƙarshen zagayen aka yi tambaya a kan biyola, sai hannun Malam ya sauka a kan ƙararrawa. Kowa ya juyo. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙararrawar kamar wani ne ya ajiye masa hannu a kai.

"Mun yi shawara," in ji Tomie da sauri, ta ba da amsar. A wannan zagayen doka ta yarda. A ƙarƙashin tebur ta ga yatsunsa suna murza gefen hularsa. Ta tura masa kofin shayinsa, ya riƙe da hannu biyu.

Zagaye na biyu shi ne wanda kowa ke jira, wasan kalmomi. Tamayama zai zauna a fiyano ya kare madannan da jikinsa, ya danna sautuka biyu ko uku. Aikin 'yan gasa su gane su da kunne, cikin bakwai ɗin nan da kowane yaro a Japan ya haddace a firamare, do, re, mi, fa, so, ra, shi, sannan su haɗa sunayen su ba da kalmar Japananci. Mi da so, miso ke nan, miyar da kowa a ɗakin ya sha da safe.

Tamayama ya danna biyu. Sautin bai gama mutuwa ba Malam ya ce, "So, ra," kamar mai karanta allo.

Tomie ta buga. "Sora. Sararin sama."

Ya danna wasu. "Mi, mi."

"Mimi. Kunne."

"Shi, so."

"Shiso! Ganyen da nake zubawa a kokwamba. Tamayama-san, wannan ai kyauta ka ba ni."

Sauran tebura suna ta rera sautukan ƙasa-ƙasa, suna ƙirga da yatsu daga do, su kuwa sun wuce. Malam ya miƙe zaune sosai, ya ajiye hular a kan tebur. Tamayama ya yi murmushin mugunta, ya danna uku a jere da sauri.

"Shi, ra, mi," in ji Malam.

Tomie ta kai hannu za ta buga, sai ta ga ya riga ta. Ta buɗe baki za ta cece shi. Amma Malam ya juya a hankali ya fuskanci teburin taga, idonsa na ƙyalli kamar na da.

"Shirami," ya ce. "Kwarkwata. Sugawara, kada ka damu da ba ka gane ba. Rabonka da ita tun kafin gashin ya yi hijira."

Ɗakin ya kece da dariya. Wata tsohuwa ta ƙware da kofi har sai da aka bubbuga mata baya. Likita ya fi kowa dariya, yana shafa sanƙonsa, yana share ido da bayan hannu, kuma ya fi kowa daɗewa yana sharewa.

Da Tamayama ya duba allo, tebura biyu ne suka yi kunnen doki: na Tomie da Malam, da na Likita da matarsa. Tambaya ɗaya za ta raba. Zai sa faifai, ba daga farko ba, daga duk inda allura ta faɗa. Wanda ya gane ya buga ƙararrawa ya faɗi sunan kiɗan da na mai shi. A wannan zagayen wanda ya buga shi ne zai amsa, abokin gasa ba ya sa baki.

Tomie ta matso da ƙararrawar gabanta. "Malam, wannan ka bar mini."

"Yauwa," ya ce.

Allura ta sauka. Aka ji ƙarar tsohon faifai, sannan gogaye suka taso a hankali, masu nauyi, kamar mutane na tafiya cikin ruwa. Tomie ta san shi. Tana jiran wata 'yar lanƙwasa ce ta tabbatar, don kada ta maimaita abin ƙaho, sai dogon hannun Malam ya tsallake nata ya bugi ƙararrawar.

Tamayama ya ɗage allura. Malam ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Wannan ai..." ya ce. "Wannan shi ne..."

Sunan yana kan harshen Tomie, kuma kunnensa na kirki a gefenta yake. Raɗa ɗaya ta isa. Ta ɗaga ido ta ga Tamayama ya juya yana goge tabarau da gefen riga. Matar Likita na kallon titi ta taga. Duk inda ta duba, kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Ɗakin gaba ɗaya ya ba ta hanya ta yi satar amsa.

Wannan ne ya hana ta. Ta naɗe hannuwa a ƙirji ta yi gum.

Malam ya daina neman kalmar. Ya ɗaga hannun hagu daidai kafaɗa, ya kwantar da haɓa a kan abin da ba ya nan, ya fara rerawa baki a rufe, daga daidai inda allura ta tashi. Sai dai ba waƙar da kowa ya sani yake rerawa ba. Wani layi ne na ƙasa, mai tafiya a hankali, yana maimaita sauti ɗaya ya jima kafin ya matsa. Mutane suka fara kallon juna. Wani ya girgiza kai cikin tausayi.

Likita Sugawara ne ya gane. Rabon biyola ne, abin da ke gudana a ƙarƙashin kiɗan wanda mai sauraro ba ya lura da shi. Ya dafa tebur ya tashi, ya ɗora waƙar gogaye a sama da tsohuwar muryarsa mai rawa. Nan take layukan biyu suka kama juna, kiɗan ya fito sarai, har waɗanda suka girgiza kai suka gane shi. Suka tafi tare, ɗaya a bakin taga, ɗaya a tsakiyar ɗaki, har inda kiɗan ya numfasa.

Malam ya sauke hannu. "Kana sauri, Sugawara," ya ce. "Kullum a nan kake sauri."

Ya zauna.

Tamayama ya yi gyaran murya. "Malam, sunan fa?"

"Ba ni da shi," in ji Malam, ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

"To, dama ta koma teburin taga."

Likita ya sosa ƙeya. Ya dubi matarsa, ya dubi silin. "Kai, ni ma fa... ya ɓace mini."

"Likita." Tomie ba ta ɗaga murya ba. "Yanzu ka gama rera shi. Duk shekarun da yake kayar da kai, ya taɓa tausaya maka? Faɗi abinka."

Likita ya tsaya yana kallonta. Sannan ya miƙe ƙyam, ya haɗa hannuwa a gefe kamar ɗalibi, ya faɗi sunan kiɗan, da na mai shi, da sashen da allura ta faɗa.

"Shi ne!" Malam ya buga tebur da tafin hannu, fuskarsa ta washe. "Shi ne mana! Sa'a ce kawai, mai sanƙo. Badi za ka gane kurenka."

"Ina jiranka," in ji Likita.

Tomie ta kwance ƙyallen ta miƙa sandan da hannu biyu. Likita ya karɓa, ya kai hanci, ya yatsina fuska.

"Shekara guda a rumfarki, Kumagai-san. Ko jagoran makaɗa ya ɗaga wannan, masu busa atishawa za su yi."

Ba su tsaya shan giya ba. Rana ta fara yin ja lokacin da suka hau bas, suka sami kujera ta biyu daga baya. Malam ya gaji, kafaɗunsa sun sauka. Ya rufe ido, Tomie ta ɗauka barci ya yi. Ta aika wa Nanae saƙo a waya cewa suna hanya, ta jira su a tasha. Ta so ta ƙara wani abu, ta rasa ta inda za ta fara, ta mayar da wayar jaka.

Bayan sun tsallake gada ya buɗe ido. Ya dubi taga, ya dubi hular da ke hannunsa, sannan ya juyo gare ta ya ɗan rusuna.

"Ki gafarce ni, uwargida. Na takura ki?"

Tomie ta dubi fuskarsa. Babu wasa a ciki.

"A'a," ta ce. "Ko kaɗan."

"Gasa zan je," ya ce, yana gyara kwat. "Ta kiɗa. Ina da abokiyar gasa, tana sayar da kayan tsami a kasuwa. Bakinta ya fi kayan nata tsami. Ban san abin da ya tsare ta ba yau."

"Wataƙila ta riga ka zuwa."

"Ita? Ba ta taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba." Ya yi 'yar dariya. "Kina son kiɗa?"

"Ina ɗan taɓawa."

"Bari in gwada ki. Ki gane sautukan, ki haɗa su, za su ba ki kalma. Mai sauƙi ce."

Ya matso kusa da kunnenta ya rera sautuka biyu, tsaf, na biyun ya ɗan fi na farko tashi. Tomie ta kasa kunne da gaske. Ta nemi ya maimaita, ya maimaita. Kamar kullum, ba ta ji komai ba sai sauti biyu masu daɗi.

"Sora?" ta ce.

"Kash." Ya girgiza kai cikin tausayawa. "Do, re. Dore, wato wanne. Ba laifi, ba kowa ke da kunnen ba. Abokiyar nan tawa da tuni ta faɗa kafin in rufe baki."

"Ashe gwana ce."

"Gwana ce. Babu kamarta a garin nan." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "In kin haɗu da ita kada ki gaya mata na faɗa. Kanta zai kumbura."

Daga nesa Tomie ta hango Nanae a tasha, ta rungume hannuwa saboda sanyi, tana leƙen kowace taga.

"Ba zan gaya mata ba," ta ce, ta miƙa hannu ta danna maɓallin sauka.